Shafin hendawut ɗin da kowa ke tsallakewa, da cokalin da aka ware wa abokina

'Yan'uwana ɗalibai, na Unimaid da na BUK, ABU, UDUS da duk inda wannan rubutu ya kai. Dogo ne, a yi mini haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare, amma don Allah a karanta har ƙarshe, domin abin da ya sa na rubuta shi yana can ƙasa.

Babu ɗalibin kimiyyar da bai taɓa tambayar kansa ba: wai wannan abin da muke haddacewa, ina zai amfane mu? Mu 'yan Bayokemistiri mun fi kowa yin wannan tambayar. Ka kwana a aji kana zana kibiyoyi, wannan inzayim ya taɓa wancan, wancan ya kunna wani, da ka fito daga jarrabawa ko bakin ƙofar hol ba ka kai ba rabi ya zube. Yau shafi ɗaya zan ɗauko daga hendawut ɗinmu na wannan zangon, shafin da 'yan ajinmu suka yi ittifaƙin cewa ba zai fito ba, wato yadda ƙwayoyin hanta ke ƙayyade yawan gishirin maɗacin da suke ɗauka daga jini. Ko Shari'a kake karantawa, ko Aikin Jarida kike yi, shafin nan ya shafe ku, kuma zan nuna ta ina.

Ni ɗan Zabarmari ne, a ƙaramar hukumar Jere. Na san abin da ke faɗo wa mutane a rai idan an ambaci garinmu: manomanmu da aka kashe a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020. Allah ya jiƙansu da rahama. Amma kafin wannan ranar da bayanta shinkafa ce sana'armu, a bakin fangali na tashi. Na faɗi haka ne saboda da kayan ban-ruwa zan yi bayanin, su na fi sani.

MU FARA DA MAƊACI

Duk wanda ya taɓa gyara kaza, ko ya riƙe ƙafar rago ranar Babbar Sallah, ya san 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake ta gargaɗi kada a fasa ta don kada nama ya yi ɗaci. Jakar ma'aji ce kawai. Hanta ce ke haɗa ruwan da ke cikinta, kuma babban abin da ke aiki a ruwan shi ne gishirin maɗaci, wanda hanta ke yi daga kolestarol.

Aikinsa irin na sabulu ne. Idan ka ci shinkafa da wake da mai da yaji, man nan ba ya haɗuwa da ruwa, kamar dai yadda kwanon da aka ci miya ba ya fita da ruwa zalla. Da abincin ya isa ƙaramin hanji sai jakar ta matse, ruwan maɗaci ya zubo, ya farfasa man ya zama ƙanana-ƙananan ɗigo yadda jiki zai iya tsotsewa. Tare da man ne bitamin A, D, E da K suke shiga.

Jiki ba ya almubazzaranci da wannan gishirin. Duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin giram 3 ba, ko cikin ƙaramin cokali bai kai ba. Idan ya gama aiki, ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin 100, ya zuba shi a jijiyar jinin da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Hanta ta karɓe shi, ta sake tura shi cikin ruwan maɗaci. Haka yake zagayawa, littattafai kan ce sau 6 zuwa 10 a rana. Abin da ke fita a bayan gida bai fi rabin giram ba, shi kaɗai hanta ke maye gurbinsa da sabo.

To ta ina gishirin ke shiga ƙwayar hanta daga jini? Bangon ƙwayar halitta da kitse aka gina shi, gishirin ba ya iya ratsa shi haka nan. Sai ta ƙofa. Babbar ƙofar wani furotin ne da ake kira NTCP, ma'anar sunan shi ne furotin da ke shigar da sodiyom da taurokolet tare, taurokolet kuwa ɗaya ne daga cikin gishirin maɗaci. Wasu masana a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Bruno Hagenbuch da Peter Meier da abokan aikinsu, su suka fara ware shi daga hantar ɓera a 1991, na ɗan Adam kuma a 1994. Sodiyom ya fi yawa a wajen ƙwaya, kullum ɗokin shiga yake yi. NTCP sai ya yi amfani da wannan ɗokin: sodiyom 2 su shiga, su jawo gishirin maɗaci 1. Kamar mai keken da ya kama bayan tipa a kan hawa.

TIYO DA TSUMMA

Ga inda aikin yake. Abin da ke narkar da mai a hanji zai iya cin bangon ƙwayar hanta ma, tunda shi ma kitse ne. Idan gishirin ya taru a cikin ƙwaya fiye da yadda take iya fitarwa, yi mata illa yake yi. Idan kuma ta ƙi ɗauka, sai ya taru a jini. Dole ke nan ta san lokacin ƙarawa da lokacin ragewa. Kuma isowarsa ba daidai take ba: bayan cin abinci da yawa yake zuwa, tsakanin abinci kaɗan.

Kowane ɗan fadama ya san wannan matsalar. Shinkafa na son ruwa, amma in ya shanye kan dashe ruɓewa yake yi. Mu da muka ga abin da ya faru lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ba sai an yi mana lakca kan ruwan da ya fi ƙarfin mai shi ba.

Ku ɗauka kowane NTCP tiyo ne da ke kawo ruwa cikin fangali. Yawan ruwan ya danganta da yawan tiyon da ke shimfiɗe. Manomi yana da hanya biyu. Ta farko, ya daina sayen sabon tiyo a kasuwa, tsofaffin su ƙare da kansu. Ta biyu, ya naɗe wasu daga cikin waɗanda ke shimfiɗe ya kai bukka, in an buƙace su ya fito da su. Ta farko kwanaki take ɗauka, ta biyu 'yan mintoci.

Hanta duka biyun take yi. A hanya mai jinkiri, idan gishirin ya yi yawa a cikin ƙwaya yana kama wani furotin mai suna FXR, shi kuma ya tayar da wani mai suna SHP, sai a rage karanta ƙwayar gadon da ake ƙera NTCP da ita, a kuma rage haɗa sabon gishiri daga kolestarol. Wannan awanni ne zuwa kwanaki.

Hanya mai sauri ita ce shafin namu. Ƙwayar hanta tana da 'yan jakunkuna a cikinta inda take ajiye NTCP da ba a buƙata, su ne bukkar. Daga cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko NTCP zai zauna a bango yana aiki ko zai koma jaka akwai wata 'yar alama da ake liƙa masa, wato fosfet. Ku ɗauke ta kamar jan tsumma da ake ɗaura wa tiyo. Masu ɗaura tsumman inzayim ne da ake kira kainez, daga ATP suke ciro fosfet ɗin. Masu kwancewa su ne fosfatez. Ba a ƙera sabon tiyo ba, ba a yar da tsoho ba, tsumma kawai aka ɗaura ko aka kwance.

Wannan dabarar ta liƙa fosfet da cire shi, Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano ta a shekarun 1950 a birnin Siyatil na Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1992. A lura, Edwin Krebs na ce, ba Hans Krebs mai zagayen nan da ya hana mu barci a aji biyu ba.

INDA AKE FAƊUWA A JARRABAWA

'Yan ajinmu da 'yan MBBS, a nan ku buɗe ido. An saba mana da cewa idan sinadarin saƙon nan cAMP ya ƙaru a ƙwaya, sai ya tayar da PKA, PKA ya liƙa fosfet, aiki ya tashi. Sai kwakwalwa ta riƙe cewa fosfet na nufin kunnawa. A kan NTCP akasin haka ne.

Sawkat Anwer da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts ta Amurka sun nuna a ƙwayoyin hantar ɓera cewa idan cAMP ya ƙaru, kamar yadda hormon ɗin gulukagon ke sa shi ƙaruwa, NTCP rasa fosfet yake yi. cAMP yana ƙara kalsiyom a cikin ƙwaya, kalsiyom ya tayar da wani fosfatez mai suna PP2B, wanda kuma ake kira kalsinyurin, shi kuma ya kwance tsumman. Sai NTCP ya yawaita a bango, ɗaukar gishiri ta ƙaru cikin mintoci. A 2005 suka nuna ainihin wurin da tsumman ke ɗaure: amino asid na 226 a jerin furotin ɗin, wanda serin ne. Da suka musanya shi da alanin, wanda fosfet ba ya kamawa, sai NTCP ya fi zama a bango, cAMP kuma ya kasa ƙara komai a kai, tunda babu sauran abin kwancewa. A ɗaya ɓangaren, idan aka tayar da kainez ɗin nan PKC, ƙwaya janye NTCP take yi daga bango zuwa ciki. Wasu nau'o'in gishirin maɗacin ma da kansu, in sun yi yawa, sukan sa a yi wannan janyewar.

A taƙaice: tsumma a ɗaure, tiyo ya fi zama a bukka. An kwance, ya fita aiki. Wanda ya tuna gilaikojin sintez, wanda shi ma sai an cire masa fosfet yake aiki, ba zai ruɗe ba.

Da na je gida hutun tsakiyar zango Baba ya gan ni ina zana wannan a bayan littafi, ya ce, "Kai kuma taswirar gonar wa kake zanawa?" Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai hantar ta fi ka hankali, kai sai na yi magana sau uku kake naɗe tiyo." Inna tana gefe tana tsince shinkafa ta ce, shi ya sa ke nan ake hana mai shawara cin mai? Na ce mata akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Inna. Idan ruwan maɗaci ba ya isa hanji, mai ba ya narkewa da kyau, bayan gida ya yi fari-fari, fitsari ya yi ja kamar shayi, wani ma ya yi ta ƙaiƙayi. Sai dai hana mai ba ya warkar da abin da ya jawo ciwon. Shi kuma launin ɗorawa da ake gani a ido wani sinadari ne daban, bilirubin, ƙofarsa ma daban ce.

BAƘON DA KE BIN ƘOFAR

Yanzu ga dalilin rubutun.

Tun a shekarun 1960 Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B a cikin jini, ya samu Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ake yi wa laƙabi da ranar ciwon hanta ta duniya. Amma an shafe shekara kusan 50 ba a san ta ina ƙwayar ke shiga hanta ba, kuma me ya sa hanta take nema. Sai a 2012 Wenhui Li da tawagarsa a birnin Beijin na ƙasar Sin suka samo amsar. Ƙofar ita ce NTCP. Wannan tiyon dai da muke magana a kai.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan baƙon ba ya jiran tsaga. Akwai wani ɗan ɓangare a rigarsa, preS1, da ke kama NTCP daram, sai ƙwayar hanta ta haɗiye su tare zuwa ciki. An gwada a ɗakin bincike: akwai ƙwayoyin hanta da ake renonsu a kwano waɗanda ba su da NTCP, cutar ba ta kama su. Da aka sa musu NTCP sai ta kama. Ƙwayar nau'in D, wadda ba ta iya yaɗuwa sai da rigar B, ita ma ta nan take bi. Har an yi magani a kan wannan ilimin, Hepcludex, daga binciken Stephan Urban a Haidelbag ta Jamus, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020 don masu nau'in D. Toshe bakin NTCP yake yi. Kun san abin da ake gani a jinin masu amfani da shi? Gishirin maɗaci ya ƙaru. Ƙofa ɗaya ce, in ka toshe wa baƙo ka toshe wa ɗan gida.

Binciken NAIIS da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Ka duba hol ɗin da ake mana GST, ka ƙirga mutum 100, ka cire 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022, kuma ta kashe kusan miliyan 1.1 a shekarar, yawanci ta hanyar ƙandarewar hanta da kansar hanta. Mafi yawan masu ita ba su sani ba. Idonsu fari tas, suna buga ƙwallo, suna azumi, saboda ƙwayar hantar da baƙon ke ciki tana ci gaba da aikinta shekara da shekaru.

COKALIN ABOKINA

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta amma ban da suna.

Mu huɗu ne a ɗaki. A zangon da ya wuce wani ɗan sashensu ya yi hatsari, aka yi cigiyar jini a guruf, abokina na cikin waɗanda suka fara zuwa. Aka gwada jininsa aka ce ba za a ɗauka ba, ya je ya ga likita. Yana da nau'in B. Ya gaya wa mutum biyu, kafin sati ya zagayo duk bulok ɗin ya sani.

Ba wanda ya zage shi. Abin a hankali ya zo. Wanda kullum ke aron bokitinsa ya daina. Tiren da muke ci mu shida ya koma mu uku. Wani ya ce ta zufa ake ɗauka, aka daina kiransa ƙwallo. Ran nan ya buɗe lokar da muke ajiye kayan girki ya ga an ɗaure wa cokali ɗaya roba a wutsiya, an ajiye shi gefe. Da dare, bayan an ɗauke wuta, ya ce da ni, "Mutumina, kai ma in kana tsoro ka faɗa mini, wallahi ba zan ji haushi ba."

Na ce masa, "Malam, kawo tocilan." A bayan hendawut ɗin na zana masa tiyo da bukka. Na nuna masa cewa NTCP yana gefen ƙwayar hanta da ke fuskantar jini. Kafin baƙon ya isa ƙofar sai ya shiga jini tukuna. Abin da ke kai shi jinin wani shi ne jini, ko ruwan jiki na saduwa, ko haihuwa. Cokali ba ya kai shi. Tire ɗaya, musabaha, runguma, tari, atishawa, cizon sauro, tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahu, duk ba hanyarsa ba ce.

Ruɗanin daga ina yake? Daga sunan. Ciwon hanta muke ce musu duka, alhali ƙwayoyin daban-daban ne. Nau'in A da E su ne ke bin gurɓataccen ruwa da abinci. Mu 'yan Borno mun ga E da idonmu lokacin da ta ɓarke a Ngala a 2017. B da C da D hanyar jini suke bi. Wanda ya ware cokali yana gudun B, rigakafin wata cutar yake yi wa wata.

Ga abin dariya mai ban haushi: mutanen da suka guji tirensa, kilifa ɗaya suke aski da ita su takwas. Reza ɗaya ke yawo a bulok. Mai yankan farce ya shigo da almakashinsa ya yi wa mutum goma a jere. Ƙwayar B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a busasshen jinin da ido ba ya gani. An tsare taga an bar ƙofa a buɗe.

Likita ya yi wa abokina sauran gwaje-gwaje, na yawan ƙwayar a jini, na lafiyar hanta da hoton ciki. Ya ce a yanzu ba ya buƙatar magani, ya riƙa dawowa duk wata 6, ya kuma kawo 'yan gidansu. Da aka gwada, mahaifiyarsa na da ita, ƙaninsa ɗaya ma haka. Kusan tabbas tun yana jariri ya same ta. Masu raɗe-raɗin cewa "wa ya san inda ya je", sai su ji tsoron Allah. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar zama take yi masa. Babba kuwa in ya kamu, ƙasa da kashi 5 ne take zame wa, sauran jikinsu ke korar ta. A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da ita tun suna yara suka samu.

Yayarsa na da juna biyu a lokacin. Saboda wannan gwajin ita ma ta yi nata, ta haihu a asibiti, aka yi wa jaririn allura tun ranar farko. Jinin da aka ƙi karɓa ranar nan bai tafi a banza ba.

A ɗakinmu mu ukun mun je gwaji, ba mu da ita, mun fara allura. Tire ya koma mu biyar. Na shidan har yanzu da kwanonsa yake zuwa. Mun bar shi, ba a dole.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na ɗaya, a yi gwajin HBsAg. Ɗigon jini ne a yatsa, 'yan mintoci. Mu da ke Maiduguri ga UMTH nan a hanyar Bama kusa da mu, ga asibitin makaranta, ga na gwamnatin jiha. Sai a 2004 Najeriya ta sa allurar B cikin rigakafin yara, aka haɗa ta cikin Penta a 2012. Wanda aka haifa kafin nan, ko aka haife shi a gida a ƙauye kamar ni, kada ya ɗauka an yi masa.

Na biyu, wanda ba shi da ita ya yi allura. Guda 3 ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. A kammala. Da yawa sukan yi ta farko su ɓace. 'Yan Likitanci, Nas, Lab da Haƙori, kafin ku fara shiga wad wannan wajibinku ne.

Na uku, kowa ya mallaki kilifarsa, rezarsa, abin yankan farcensa da buroshinsa. Wanzamai iyayenmu ne, ba raina sana'arsu muke yi ba, amma aski, kaciya, ƙaho ko cire beli, a nemi sabuwar reza ga kowane mutum. Da yawansu sun riga sun koma haka.

Na huɗu, wanda aka samu da ita kada ya firgita, kada kuma ya bi masu lasifika a kasuwa da ke cewa kwalba uku ta wanke hanta. Hantar da ke fama ita ce za ta tace duk abin da ka sha. Akwai magani irin su tenofobir da ke danne ƙwayar ya rage haɗarin kansa, likita ne ke faɗin wanda ke buƙata da lokacin farawa. A guji giya, a guji shan magani barkatai. Mu 'ya'yan manoma mu ƙara da wannan: gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, idan ta haɗu da B haɗarin kansar hanta ninkuwa yake yi. A shanya amfanin gona ya bushe sosai, a tsince ruɓaɓɓe.

Na biyar, maganar aure, tunda na san da yawanmu lissafin da ake yi ke nan bayan bautar ƙasa. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ciwon hanta B da C. Gwajin alheri ne. Amma sakamakon B ba dalilin fasa aure ba ne kai tsaye. Wanda ba shi da ita ya kammala allura, likita ya tabbatar ta kama. Idan matar ce ke da ita, a bibiye ta lokacin goyon ciki, in ƙwayar ta yi yawa akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe, jariri kuma a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa. 'Yan'uwa mata, ku riƙe wannan awa 24 ɗin, ku gaya wa yayyenku da matan yayyenku. Kada a jira sai bayan suna.

Na shida, idan a ɗakinku ko ajinku akwai mai ita, ku ci abinci tare da shi. Ku riƙe masa sirri in ya ba ku amana. Tsoron a ware mutum shi ne ke hana da yawa zuwa gwaji, wanda bai yi gwaji ba kuwa shi ne zai kai wa matarsa da 'ya'yansa bai sani ba.

Idan an koma hutu, kowa ya ɗauki mutum biyu a gidansu ya kai su gwaji. Ni Baba da Inna na fara da su, saura ƙannena. 'Yan ajinmu kuma, serin 226, PP2B, cire fosfet ne ke sa NTCP zama a bango. In ya fito, ladana addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare masu ita, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa karatun nan ya amfani iyayenmu. Amin.

Ɗan'uwanku, daga Zabarmari.